Igiyar da Surukina Ya Tufka wa Jirgi

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya san abin da baki ya faɗa da abin da ya haɗiye.

Na sha ba jikokina labarin Turawan jirgin soja da irin wasanninsu, su yi ta dariya har su riƙe ciki. Akwai guda ɗaya da ban taɓa bayarwa a zaure ba, ko da yake tsofaffin Gyadi-Gyadi sun san shi. Abin da Turawa suka yi shi suka sani. Abin da ni na yi, mutum ɗaya ne ya san shi duka, shi ma ya daɗe a ƙasa.

A shekarun nan na bayan babban yaƙi, kafin a ba mu mulkin kai, Tarauni ƙauye ce, Gyadi-Gyadi ma haka. Tsakaninsu gonakin dawa ne da na gyaɗa, sai 'yar hanyar ƙafa. Ni ina Tarauni a gidan mahaifina, surukina kuwa, wato uban matata, yana Gyadi-Gyadi. Wurin aikinmu ɗaya, filin jirgi. Kullum in an idar da sallar asuba sai in hau keke in nufi gidansa, in sauka tun daga nesa, in cire takalmi, in tsuguna in gaishe shi. Ya amsa yana kallon wani wuri, ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" Daga nan mu kama hanya, shi a gaba ni a baya, mu ratsa Nasarawa, mu bi ta gefen Sabon Gari har filin. Duk tsawon tafiyar nan ba ma hira. Ba gaba ba ce, kunya ce irin ta surukai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa musa masa magana ba. Baba nake ce masa. Shi kuma Malam yake ce mini, don na sauke Alƙur'ani, kuma ni ke rubuta masa wasiƙa da ajami duk sa'ad da zai aika wa 'yan'uwansa.

Jiragen da muke yi wa aiki na sojan sama ne na Turawa, masu ɗaukar kaya. Su sauka Kano su sha mai, a sauke wani kaya a loda wani, su tashi su yi gabas ko kudu. Baba shi ne helman masu lodi, wato shugabansu. Kafin ya zo filin jirgi ya yi shekaru yana bin ayarin raƙuma, aikinsa ɗaurin kaya, saboda haka duk iliminsa a igiya yake. Ya sha nuna mana yadda kaya in ya rinjayi gefe ɗaya raƙumi zai yi ta karkata har bayansa ya yi gyambo, ko da kayan ba shi da nauyi. Da ya zo ya tarar jirgi ma haka ake yi masa, a sa mai nauyi a tsakiya daidai fikafikai, kada gaba ta rinjayi baya, sai abin ya kwanta masa a rai. Ya ɗauki jirgin nan kamar wani ƙaton amale. Sajen da ke kula da kaya, wani jajaye mai gashin baki, yakan bi ɗaurin kowa yana jijjigawa, amma in ya zo kan ƙullin Baba sai ya wuce, ko taɓawa ba ya yi.

Ni kuwa ɗan Turancin bariki da na tsinta lokacin yaƙi shi ya sa aka mai da ni tafinta tsakanin masu lodi da Turawa. Ina jin daɗin matsayin, ba zan ɓoye ba. Ina jin daɗin a ce Bature ya kira ni shi kaɗai ya yi mini magana, sauran suna jiran abin da zai fito daga bakina.

Mutanen jirgin nan samari ne, yawancinsu ba su kai ni shekaru ba. Sun ga mutuwa a yaƙi, sun dawo ba abin da suke ɗauka da nauyi. In sun ɗauko sababbin sojojinsu da ba su taɓa shiga jirgi ba, to, ranar sun sami abin wasa. Wani lokaci a buɗe ƙofar ɗakin matuƙi a riƙa gangaro da kwalaben giya ba komai a ciki, ɗaya bayan ɗaya, ana waƙar maye daga ciki. Wani lokaci makanike ya fito da hannu cike da notuna, yana leƙen fiffike ta taga yana girgiza kai, yana tambayar sojan da ke kusa ko ya ga inda suka faɗo. Na sha shiga jirgi da su in za a sauke kaya a wani gari, na gani da idona, na yi dariya.

Babban wasansu shi ne na kirtani. Matuƙi zai fito daga ɗakinsa da baya da baya, yana warware kirtani biyu, ɗaya a kowane hannu, fuskarsa a murtuke. Ya miƙa wa wanda ya ga ya fi tsorata, ya ce zai zaga bayan jirgi ya kama ruwa, a riƙe masa daidai kada jirgi ya kife. Kirtanin nan a ƙafar kujerarsa yake ɗaure. Mataimakinsa yana ciki yana tuƙi, yana leƙe ta tsagar ƙofa. In mutum ya ɗan sassauta na hagu sai ya karkata jirgin hagu, in ya ja na dama ya karkata shi dama. Ba a daɗewa ana yi. Da an ga gumi ya jiƙa mutum sai a fashe da dariya, a dafa kafaɗarsa, in an sauka a kai shi ɗakin shaye-shayensu, gobe shi ma ya yi wa wani.

Wata damina wani jirginsu ya lalace a Maiduguri, aka ce a kai masa sabon inji. Injin nan ya fi duk abin da muka taɓa lodawa nauyi, saje ya ce sai helma da kansa ya bi shi ya sauke. Duk shekarun da Baba ya yi yana ɗaure kaya a cikin jirgi bai taɓa tashi a cikinsa ba. Muna cikin ɗaurin ƙarshe masu lodi suka fara zolayarsa.

Ɗaya ya ce, "Baba, yau amalen naka zai ɗauke ka."

Wani ya ce, "In ya durƙusa a sama ina za ka samu ƙasar da za ka dira?"

Baba ya ce, "Ku ja bakinku ku ja igiyar nan. Kai, wannan ɗauri ne ko lalle kake ƙunsa wa amarya? Kwance ka sake."

Muka tashi wajen tsakar rana. Mu huɗu ne baƙar fata: ni, da Baba, da masu lodi biyu. Bencin tamfol ne a jikin bango, injin yana tsakiya a ɗaure. Baba ya zauna a farkon benci kusa da ƙofar matuƙi, ni a gefensa, abin da ban taɓa yi ba a ƙasa. Bai nuna tsoro ba. Idonsa yana kan ɗaurinsa, in jirgi ya girgiza ya duba ko wata igiya ta yi sako-sako.

Ba mu yi nisa ba na ga ƙofa ta buɗe, bayan matuƙi ya fara fitowa. Tun kafin in ga kirtanin na san ko mene ne. Mai wayar jirgi ya biyo shi da abin ɗaukar hoto a rataye. Na zaci ɗaya daga cikin masu lodin za a ba. Matuƙin ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan mai farin gemu, ya kashe mini ido, ya yi maganarsa ya ce in fassara.

Na ce, "Baba, ya ce zai zaga baya. Wannan na fiffiken dama ne, wannan na hagu. A riƙe su daidai, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya."

Baba ya dubi kirtanin, ya dubi Baturen, bai miƙa hannu ba. Na ga matuƙin ya fara ƙosawa, na ji kamar ni ne na gaza. Sai na ƙara abin da Baturen bai faɗa ba. Na ce, "Ya ce duk cikin jirgin nan kai ne ka san igiya."

Nan Baba ya yi bismilla ya karɓa. Ya gyara zama, ya tokare ƙafa da ƙarfen ƙasa kamar mai riƙe akala. Ya ɗan saki na hagu don ya gwada, jirgi ya karkata. Ya ja, jirgi ya miƙe. Ya kaɗa kai ya ce, "Na gane halinsa. Yana jin akala." Mai waya ya ɗauki hotonsa. Na sunkuyar da kai ina cije leɓe. Na ce a raina yanzu za a gama, a yi dariya, in ce ni ma ban sani ba.

Sai hasken taga ya dushe. Hadari ne muka shiga, irin na tsakiyar damina, baƙi ƙirin. Jirgi ya faɗa rami kamar an sake shi daga hannu, ya sake hawa. Matuƙin ya taho a guje daga baya, fuskarsa ba wasa, ya sunkuya ta ƙarƙashin kirtanin, ya shige ya banko ƙofa. Ƙofar ta danne kirtanin biyu, suka yi tsam a hannun Baba. Mai waya da saje su ma kowa ya kama wurinsa. An manta da tsoho.

Baba ya ɗaga murya don ƙarar inji, ya ce, "Malam, ya koma. In saki?"

Kalma ɗaya ce ake bukata a wurina. Da na ce "saki" da shi ke nan, ba sai na tona kaina ba. Amma na yi tunanin matuƙin zai iya leƙowa ya ƙarasa wasansa, ya tarar na ɓata masa. Na ce, "Bai ce a saki ba, Baba."

Ya ce, "To."

Ya naɗe kirtanin a tafin hannayensa sau uku uku.

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Jirgin nan ya yi ta sukuwa da mu, ruwa yana dukan jikinsa kamar ana watsa tsakuwa. Masu lodin biyu suka kifa kai suna salati. Ni na yi amai har ba abin da ya rage. Duk sa'ad da jirgi ya karkata dama Baba ya ja hagu da iyakar ƙarfinsa, in ya dawo daidai ya ce alhamdu lillahi. Kuma dole ya dawo daidai, tun da akwai masu tuƙi a ciki. Saboda haka kowane ja da ya yi sai ya ga kamar an amsa masa. Can da abin ya ɗan lafa na ɗaga kai na ga jini yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan wandonsa. Kirtanin siriri ne, ya shige cikin nama. A lokacin na buɗe baki. Amma yanzu in na ce ya saki zai tambaye ni dalili, dalilin kuwa shi ne ni na san ƙarya ce tun farko. Ta yaya zan dubi uban matata in faɗi wannan, ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba? Na mai da bakina na rufe.

Ya ce, "Malam, azahar ta yi, hannuna ba sarari. Ka yi mana karatu, Allah Ya sauke mu lafiya in rama."

Na yi masa karatu da bakin nan nawa.

Da tayar jirgi ta taɓa ƙasa a Maiduguri, farfela ta tsaya, bai saki ba sai da aka buɗe ƙofa kirtanin ya zube. Yatsunsa sun ƙage, sai da saje ya ɓamɓare su ɗaya ɗaya. Matuƙin ya fito yana share gumi, ya ga hannun, ya tsaya cik. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ji kunya. Ya ce mini in gaya wa tsohon wasa ne, sun manta da shi ne saboda hadari, ya yi haƙuri. Ya zaro wuƙar aljihunsa mai kyau ya miƙa masa.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sannu da ƙoƙari. Sun gode ƙwarai."

Baba ya ce, "Ka ce masa ba ni ba ne, Allah ne."

Aka wanke hannun aka naɗe. Ya yi taimama da ƙyar ya rama sallarsa a inuwar fiffike, sannan ya tsaya a kan masu lodi har aka sauke injin ba ko ƙwarzane.

Da muka dawo gida masu lodin nan biyu suka ba da labari, don su ma sun gaskata. Baba ba mai fariya ba ne, amma yana ganin ɓoye ni'imar Allah butulci ne. Ranar Juma'a ya sa aka dama fura, aka soya waina, aka yi sadaka a ƙofar gidansa. Mutane suka zo daga Hotoro, daga Ƙauyen Alu, su zauna a dakalinsa su ce a nuna musu hannun. Ya kwance ƙyallen ya nuna, ya faɗi yadda jirgi ke jin akala, yadda in ka matsa masa da yawa yake yin gardama. Liman ya yi addu'a. Ni ina can gefe a tsugune. Matata ta aiko mini da waina, na mayar. Da na shiga gida ta ce, "Malam, sadakar Baba ce ka ƙi ci?" Na ce cikina ne bai daidaita ba tun jirgi. Ta yi dariya ta ce, "Tsoho ya riƙe jirgi, kai ka kasa riƙe cikinka."

Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni, ya ce in zo da tawada da alƙalami. Ya ce, "Malam, ina so a rubuta, don jikoki su san Allah Yana tsare bawansa ko a ina." Ya faɗa, ni na rubuta. Na yi masa rubutu mai kyau, na sa wasali da ja. Da na karanta masa ya ce in ƙara cewa surukinsa yana gefensa yana karatu, kuma yana zaton albarkar karatun ce. Na ƙara. Ya ce in ajiye a gafakata, wurina ta fi tsaruwa.

A filin jirgi akwai wani akawun sito, mutumin Kudu ne Kirista, yana zaune Sabon Gari da iyalinsa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yana ganin girman Baba ƙwarai. Wata rana ya ja ni bayan sito ya ce, "Malam, hoton Baba yana jikin bango a ɗakin cin abincin Turawa. Kuku ya gani, boyi-boyi sun gani, jiya na ji masu lodi suna ƙus-ƙus. Ka gaya masa tun bai ji a bakin yara ba."

Na ce, "Surukina ne. Ba na iya yi masa irin wannan magana."

Ya dube ni ya ce, "Amma waccan ta cikin jirgi ka iya."

Na ce zan nemi lokacin da ya dace. Kullum da safe ina bin bayan kekensa ina shirya maganar, kullum mu isa filin ban faɗa ba.

Da hannunsa ya fara warkewa na je gaishe shi da la'asar, na tarar da shi a zaure da damin rama a gabansa, ya jiƙa ya ɓare, yana tufka a cinyarsa. Wuƙar Baturen tana gefe yana datse gashin igiya da ita. Raunin hannunsa bai gama rufewa ba, yana yi yana tsayawa.

Ya ce, "Na yi ta tunani, Malam. Kirtanin nan nasu ba na aiki ba ne. Da ya tsinke ranar da yanzu ba mu. Yara ne, ba su san igiya ba. Zan yi musu guda biyu masu rai."

Na ce, "Allah Ya ba da lada, Baba."

Kwana tara ya yi yana tufka. Uku-uku ya murɗa, kaurin kowacce kamar babban yatsa, ba kumburi ko ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya ɗaura jan ƙyalle a bakin ta dama don kada a rikita. Ban taɓa ganin igiya mai kyanta ba, har yau.

Ranar da jirgin ya sake sauka Kano ya rataya su a kafaɗa. Masu lodi suka gan shi ya nufi tsani, wasu suka juya baya. Akawun ya fito bakin sito yana kallona. Baba ya ce, "Malam, zo ka yi mini tafinta." Na bi shi kamar ana ja na.

A ɗakin tuƙi muka tarar da matuƙin da saje da makanike. Baba ya yi sallama, ya sauke igiyoyin a gabansu. Ya ce, "Ka ce masa nasu ya yi siriri. Ya nuna mini inda ake ɗaurawa, ni zan ɗaura da kaina."

Matuƙin ya dubi igiyoyin, ya dube ni, ya tambaye ni a hankali ko ban gaya masa ba. Makaniken shi bai lura da fuskar kowa ba. Ya gane abin da aka kawo, ya tuntsire da dariya, ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo kirtanin. Yana nan yadda yake, har da baƙin tabon jini a bakinsa.

Baba ya tsuguna. Ya kama kirtanin ya bi shi da yatsa a hankali, kamar yadda yake bin ɗaurin yaransa, har ya kai ƙarshe. Ƙafar kujera ce. Ya duba ko akwai wani abu a bayanta, babu. Ya ja, ba abin da ya motsa. Ya bi na biyun, shi ma haka. Ya daɗe yana kallon ƙullin. Sannan ya sa yatsa biyu ya kwance shi, ya ce, "Ko ƙullin ma ba su iya ba."

Saje ya daka wa makaniken tsawa ya yi shiru. Baba ya miƙe, ya juyo, ya dube ni cikin ido. Wannan ne karo na farko tun da na auri 'yarsa.

Ya ce, "Malam, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"Tun a sama?"

"Tun kafin ya miƙo maka."

Ya ce, "Maganar cewa ni na san igiya, tasa ce ko taka?"

Na ce, "Tawa ce."

Ya zaro wuƙar daga aljihu ya ajiye a kan kujerar, ya naɗe igiyoyinsa ya sauka. Ya ƙarasa lodin ranar, ya bi kowane ɗauri ya duba kamar kullum. Da yamma da muka ɗauko kekuna na tsaya in ba shi hanya yadda na saba. Ya ce, "Wuce gaba, Malam." Haka muka taho har Gyadi-Gyadi, ni a gaba, ina jin ƙarar sarƙar kekensa a bayana.

Bai sake zuwa filin jirgi ba. Matuƙin ya aiko akawu har gida da ban haƙuri, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce ya wuce. Amma labari ya riga ya shiga gari. Waɗanda suka ci waina suka nemi a nuna musu hannu, su ne suka fi kowa dariya. Yara suka ƙirƙiro wasa, ɗaya ya ɗaura zare biyu a turmi ya zauna yana ja, sauran su buɗe hannuwa suna karkata suna gudu. Baba ya daina zama a dakali. A masallaci ya koma sahun baya, ana sallamewa ya fice. Ba wanda ya ambaci sunana a cikin abin. Mutane sun ɗauka ni ma ruɗa ni aka yi, shi kuwa bai gyara musu ba. Ko 'yarsa bai gaya wa ba. In na je gaishe shi yana amsawa kamar da. Sai dai da wasiƙar ɗan'uwansa ta zo, ji na yi ya hau keke har Hotoro wurin wani malami a karanta masa. Bai sake sa ni na faɗa masa abin da wani ya ce ba, a takarda ko a baki.

Igiyoyin ya aika wa 'yarsa, ya ce ta sa a guga. Shekaru ina jan ruwan alwala da su. Ni kuwa na ci gaba da aikina a filin jirgi, ina tafinta, har jiragen sojan suka rage zuwa. Sau biyu bayan wannan na sake ganin an yi wasan kirtani, da sojojinsu. Na kau da kai kawai.

Damina biyu bayan haka ciwo ya kwantar da shi. Da na ga jikin ya yi nisa na shiga ɗakinsa da hantsi, na roƙi a ba mu wuri, na tsuguna a bakin gado na nemi gafara.

Can ya ce, "Turawan nan ba su san ni ba. Sun ga tsoho sun yi wasansu. Da farko ban karɓi kirtanin ba, ai ka gani. Kai ka san inda za a kama ni."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Na yafe maka, don ni ma ina so a yafe mini. Takardar nan tana nan?"

Na ce tana nan.

Ya ce, "Kada ka ƙona, akwai sunan Allah a ciki. Kada kuma ka bar wa jikokina ita haka. Ka rubuta sauran a ƙasa."

Na ce to. Bayan kwana uku aka kai shi makwancinsa, Allah Ya ji ƙansa.

Na ɗauko takardar ba sau ɗaya ba, in duba ɗan filin da ya rage a ƙasanta, in ce ba zai isa ba, in mayar cikin gafaka. Matata ta rasu ba ta sani ba. Gonakin da muke ratsawa duk sun zama gidaje, rijiyar ma an cike ta. Yanzu idona ya yi rauni, wasalin ma da baƙi na sa don ba na bambance jan. Filin bai isa ba kam, sai da na ƙara waɗannan warƙoƙi. Na ɗinke su a jikin ta farkon da zare, don duk wanda ya karanta waccan ya ci karo da wannan.